Me ya sa hannayen jarin bankuna ke faɗuwa tare in rikici ya taso?

Sagir Ɗanladi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin kasuwar hannun jari a cikinmu, domin abin ya daɗe yana damuna. 'Yan kuɗin da na tara na zuba su ne a hannayen jarin bankuna, amma ba a ƙasa ɗaya ba. Na rarraba, wasu a bankunan Amurka, wasu a na Turai, wasu a na Japan. Lissafina shi ne in wata ƙasa ta shiga matsala, sauran za su riƙe ni. Sai ga watan Maris na 2023. Bankin Silicon Valley ya durƙushe a California ranar Juma'a 10 ga wata, bankin da ko sunansa ban taɓa ji ba kafin ranar. Kafin mako ya zagayo duk abin da nake riƙe da shi ya yi ƙasa, na Tokyo, na Faris, na Frankfurt, ba wanda ya tsira. Me ya haɗa bankin Japan da wani banki mai hulɗa da kamfanonin fasaha a California? Rarrabawar da na yi ba ta da amfani ke nan?

Rabi Abdulƙadir:
Wa alaikumus salam Malam Sagir. Allah Ya mayar da alheri. Ka rarraba ƙasashe amma ba ka rarraba sana'a ba, matsalar ke nan. Na yi shekaru ina aiki a sashen lura da haɗari na wani banki, kuma abin da na fara koya shi ne banki da kuɗin mutane yake kasuwanci. Cikin kowace dala ɗari ta kadarorinsa, abin da yake na masu hannun jari sau da yawa bai wuce biyar zuwa goma ba, sauran duk bashi ne da ajiyar jama'a. To ka ɗauka jarin shida ne. In darajar kadarorin ta ragu da kashi uku kacal, rabin jarinku ya tafi. Shi ya sa ƙaramin labari ke girgiza hannun jarin banki fiye da na kamfanin siminti ko na magunguna.

Sannan ka duba abin da ya kashe Silicon Valley. Ya sayi takardun bashi masu dogon zango lokacin da kuɗin ruwa ke kusa da sifili. Babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris 2022, cikin shekara guda ya haura kashi huɗu da rabi. In kuɗin ruwa ya hau, tsofaffin takardu darajarsu faɗuwa take yi. Ranar 8 ga Maris bankin ya sanar ya sayar da wasu ya yi asarar dala biliyan 1.8, washegari masu ajiya suka nemi fitar da biliyan 42 a yini ɗaya. Bankunan Japan su ma suna riƙe da takardun bashin Amurka masu yawa. Mai hannun jari a Tokyo ba sai an gaya masa ba, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Abdul'aziz Garba:
Hajiya, da girmamawa, ni ban yarda akwai wannan lissafin ba. Tsoro ne kawai da bin ayari. Yawancin cinikin nan ma kwamfuta ke yi, an tsara mata in ma'aunin bankunan Amurka ya faɗi ta sayar da na Turai. Ba ruwanta da wane banki ne ke da lafiya. Ki duba Deutsche Bank ranar 24 ga Maris ɗin nan, ya faɗi da fiye da kashi takwas ba tare da wani sabon labari daga cikinsa ba, har sai da shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz, ya fito ya ce bankin na cin riba, ba abin damuwa.

Rabi Abdulƙadir:
Ƙanena, ban musa maka cewa akwai tsoro ba. Amma tsoro a harkar banki ba kamar tsoro a sauran sana'o'i ba ne. In mutane suka ji tsoron kamfanin mota, motocinsa na nan suna tafiya. In suka ji tsoron banki suka kwashe ajiyarsu, tsoron da kansa ya zama gaskiya. Wanda ya riga gudu shi ke tsira da kuɗinsa, saboda haka gudun ba hauka ba ne, lissafi ne.

Isiyaku Maikano:
Ni kuma Credit Suisse na Suwizalan nake so a bar shi gefe a wannan magana. Wannan bankin ciwonsa daban, ya daɗe yana jinya. Tun 2021 ya tafka asarar biliyoyi a kan kamfanin zuba jari na Archegos, ga rikicin kamfanin ba da rance na Greensill, ga canjin shugabanni. Ko da Silicon Valley bai faɗi ba, nasa na tafe.

Nura Sulaiman:
Alhaji, maganarka gaskiya ce, amma ita ce ma take nuna yadda abin ke aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bankin ya yi shekara biyu da tsagarsa yana tsaye. Me ya sa sai kwana tara bayan rufe Silicon Valley aka miƙa shi ga UBS, takwaransa na Suwizalan? Domin idon kowa ya buɗe yana neman wane ne mafi rauni. Ranar 15 ga Maris shugaban Saudi National Bank, bankin da ya fi kowa hannun jari a Credit Suisse, ya ce ba za su ƙara kuɗi ba. A wata na lumana da maganar ta wuce. A wannan makon hannun jarin ya zube da kusan kashi 24 a yini guda, babban bankin Suwizalan ya buɗe masa rancen da ya kai faran biliyan 50, bai isa ba. Ranar Lahadi 19 ga wata aka sayar da shi a kan faran biliyan 3.

Abin da ya tsallaka da wutar zuwa sauran Turai shi ne takardun bashin nan na Credit Suisse da ake kira AT1, na kimanin faran biliyan 16, da hukumar Suwizalan ta shafe su gaba ɗaya alhali masu hannun jari sun sami wani abu. A al'adar kasuwa mai hannun jari ke fara asara kafin mai bashi. Duk mai riƙe da irin takardun na kowane banki a Turai ya kwana da fargaba, har sai da hukumomin Tarayyar Turai da babban bankin Ingila suka fito washegari suka ce su a wurinsu ba haka jerin yake ba.

Maryam Bello:
Dakta, ina karanta wannan fannin yanzu, kuma akwai abin da ya rikita ni. An ce mana wasu masana sun ce babu wani abu wai shi yaɗuwar rikici. Yaya za a yi mutum ya faɗi haka bayan duk abin da aka gani?

Nura Sulaiman:
Kristin Forbes da Roberto Rigobon kike nufi, takardarsu ta 2002. Ba su ce kasuwanni ba sa faɗuwa tare ba. Abin da suka ce ya fi haka zurfi, bari in yi ƙoƙarin sauƙaƙa shi.

Muna da ma'auni na yadda abubuwa biyu ke tafiya tare. In ya kai ɗaya, tafiyarsu ɗaya sak. In sifili ne, ba ruwan wani da wani. Mutane suka auna kasuwanni a lokacin lumana suka sami adadi kaɗan, suka auna lokacin rikici suka ga ya yi sama, sai suka ce rikici ya ƙulla sabuwar alaƙa. Su kuma waɗannan biyun suka ce a dakata. Ki ɗauki jiragen ruwa biyu da aka ɗaure da igiya ɗaya. In ruwa na kwance, kowane na ɗan lilonsa, ba za ki lura da igiyar ba. In guguwa ta fizgi ɗaya, sai ki ga ɗayan ya bi. Igiyar ba sabuwa ba ce, fizgar ce ta ƙaru. A lissafi, duk lokacin da hawa da saukar kasuwa ɗaya ya tsananta, ma'aunin zai tashi da kansa ko da alaƙar ba ta canza ba. Da suka gyara wannan suka sake duba faɗuwar kasuwar Amurka ta 1987, rikicin Meziko na 1994 da na Asiya na 1997, sai suka ga kusan babu ƙarin alaƙa. Dama can a ɗaure suke.

Ba kowa ya yarda ba. Corsetti da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa gyaran da aka yi ya yi yawa, yana iya ɓoye yaɗuwa ta gaske. Longin da Solnik kuma tun 2001 sun gano abin da ni a wurina ya fi shafar Malam Sagir: tafiya tare tana ƙaruwa a manyan faɗuwa, amma ba ta ƙaruwa haka a manyan hauhawa. Wato kasuwanni kowa da ranar murnarsa, amma ranar kuka ɗaya ce.

Sagir Ɗanladi:
Dakta, na gode, amma ka yi haƙuri, ko igiyar tsohuwa ce ko sabuwa, ni dai jirgina ya bi.

Nura Sulaiman:
Haka ne Malam, ga aljihunka bambancin kaɗan ne. Ga hukumomi ne yake da girma. In tsoro ne zalla, sai a kwantar da hankalin mutane a ba da rance na ɗan lokaci. In igiya ce ta gaske, sai an duba igiyar.

Tanko Yusuf:
Ku yara kuna ta ɗora wa kwamfuta laifi. A watan Mayu na 1931 Creditanstalt, banki mafi girma a Ostiriya, ya sanar da asarar da ta cinye jarinsa. Babu intanet, babu wayar hannu. Masu ba da bashi na ƙasashen waje suka fara janye kuɗinsu daga Ostiriya, sannan daga Jamus. A watan Yuli Danatbank ya rufe ƙofa, aka rufe bankunan Jamus na wasu kwanaki. Kuɗin bankunan Landan suka maƙale a can, matsin ya koma kan fam, a watan Satumba Birtaniya ta saki ma'aunin zinari, wato ta daina ɗaure darajar fam da zinari. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Abin da kwamfuta ta canza shi ne sauri, abin da ya ɗauki wata huɗu yanzu kwana tara yake ɗauka.

Abdul'aziz Garba:
Baba, na karɓi wannan. To amma a gaya mini igiyar mece ce takamaimai? Ana ta cewa igiya, igiya.

Rabi Abdulƙadir:
Babbar cikinsu dala ce, kuma ita ce mutane suka fi mantawa. Kafin 2007 bankunan Turai sun sayi kadarorin Amurka masu ɗimbin yawa, ciki har da takardun da aka gina a kan bashin gidaje. Ba su da masu ajiyar dala da za su ɗauki nauyin wannan, sai suka riƙa aron dala na gajeren lokaci, wani na kwana ɗaya, wani na wata uku, suna sabuntawa. Shi ya sa rikicin gidajen Amurka ya fara kayar da banki a Jamus: IKB aka ceto a ƙarshen Yulin 2007. Ranar 9 ga Agusta BNP Paribas na Faransa ya dakatar da asusu uku ya ce ba ya iya sanin darajar abin da ke ciki. Daga ranar bankuna suka fara ƙin ba juna rance. Northern Rock na Ingila bai ma dogara da gidajen Amurka ba, ya dogara ne da kasuwar rancen da ta ƙafe, a watan Satumba aka ga layin mutane a ƙofarsa.

Da bankin Lehman Brothers na Amurka ya faɗi ranar 15 ga Satumba 2008, washegari wani babban asusun kasuwar kuɗi, Reserve Primary, ya kasa biyan dala cikakkiya a kan kowace dala saboda takardun Lehman da yake riƙe da su. Irin waɗannan asusun su ne ke ba bankunan Turai dala. Suka ja baya. Cikin makonni kaɗan aka ceto bankunan Turai irin su Fortis da Dexia da Hypo Real Estate, manyan bankunan Aislan uku suka rushe, Birtaniya ta fara zuba kuɗi a Royal Bank of Scotland, wanda daga baya ya kai kimanin fam biliyan 45. Abin da ya tsayar da jinin shi ne yarjejeniyar musayar kuɗi da babban bankin Amurka ya ƙulla da takwarorinsa, ya ba su dala su raba wa bankunansu. A ƙarshen 2008 ta haura dala biliyan 500. Ka ga, Abdul'aziz, banki yana Faris ko Zurich, amma numfashinsa na hannun New York.

Abin ya sake faruwa a bazarar 2011. Asusun Amurka suka rage ba bankunan Faransa rance saboda tsoron bashin Girka da Italiya, hannun jarin Société Générale ya zube a watan Agusta, har Faransa, Italiya, Sifaniya da Beljiyam suka hana sayar da hannayen jarin bankuna na aro na ɗan lokaci.

Nura Sulaiman:
In ƙara a kan na Hajiya, akwai kuma uban bashi ɗaya. Kasuwar hannun jarin Japan ta kai ƙololuwa a ƙarshen 1989 sannan ta rufto. Bankunan Japan na lissafa wani ɓangare na ribar hannayen jarin da suke riƙe da su cikin jarinsu, da jarin ya ragu sai suka rage ba da rance a Amurka. Masana Peek da Rosengren sun bi sawun wannan a 1997. Ɗan kasuwa a California ya rasa rance saboda abin da ya faru a Tokyo. A 1997 ɗin ma, bayan Tailan ta saki kuɗinta ranar 2 ga Yuli, bankunan da suka ƙone a can su ne ke bin Indunusiya da Koriya ta Kudu bashi, suka ƙi sabuntawa.

Haka mai zuba jari da ya ci bashi. In dillali ya ce ƙaro jingina kafin gobe, ba abin da ya lalace yake sayarwa ba, domin ba mai saye. Mai kyau yake sayarwa. A 1998 Rasha ta kasa biyan bashi a watan Agusta, sai ga kasuwar Barazil na girgiza.

Isiyaku Maikano:
To ni duk da haka ina ganin kuna zuzuta abin. Kanada fa? Ba banki ɗaya da ya faɗi a can a 2008. Ostireliya ma manyan bankunanta huɗu sun tsallake. Ashe ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Rabi Abdulƙadir:
Alhaji, bankunan sun tsira, amma hannayen jarinsu sun sha kashi sosai tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Wanda ya sayar a lokacin ya yi asara ta gaske a kan banki mai lafiya. Inda maganarka ta yi ƙarfi shi ne bayan ƙura ta lafa. Na Kanada da Ostireliya suka farfaɗo da wuri. Amurka ta yi wa manyan bankuna 19 gwajin juriya a watan Mayun 2009, ta ce goma daga ciki su nemo ƙarin jari na kimanin dala biliyan 75, suka nemo, kasuwa ta yarda da su. Turai ta yi jan ƙafa, bankunanta suka shafe fiye da shekara goma hannayen jarinsu ba su ko kusanci inda suke a 2007 ba. Gwamnatin Birtaniya sai a 2025 ta sayar da ragowar hannun jarinta a tsohon Royal Bank of Scotland da ta ceto a 2008. Faɗuwar tare aka yi, tashin kowa da ƙafarsa.

Maryam Bello:
Hajiya, me ya riƙe na Turai haka?

Rabi Abdulƙadir:
Banki da gwamnatinsa suna rungume da juna ne a cikin ruwa. Ayilan ta lamunce wa bankunanta kusan duk bashinsu a ƙarshen Satumba 2008, nauyin ya durƙusar da gwamnatin kanta har ta nemi ceto a Nuwamba 2010. A Girka kuma akasin haka ne, gwamnati ce ta jawo bankuna, domin da aka yanke fiye da rabin darajar takardun bashinta a 2012, bankunan ƙasar da na Sayifurus ne ke riƙe da su. A waɗannan shekarun ba duniya ce ke tafiya tare ba, rukuni ne: bankunan Italiya, Sifaniya da Fotugal suna hawa suna sauka da farashin bashin gwamnatocinsu. Sai da Mario Draghi, shugaban babban bankin Turai na lokacin, ya yi alkawari a Landan ranar 26 ga Yuli 2012 cewa babban bankin Turai zai yi duk abin da ya wajaba don kare yuro, sannan suka numfasa, su ma tare.

Abdul'aziz Garba:
Sin fa? Na ga kamar su ba sa bin kowa.

Nura Sulaiman:
Misali mai kyau ka kawo. Akwai shinge a kan shigar kuɗi da fitarsu, kuma gwamnati ce ke da manyan bankunan. Bankin ICBC na Sin tun 2006 ana cinikinsa a Shanghai da Hong Kong, banki ɗaya, riba ɗaya, amma farashi biyu, wani lokaci da tazara mai yawa. Na Hong Kong ya fi jin iskar duniya saboda masu riƙe da shi 'yan kasuwar duniya ne. Wannan yana ba ka gaskiya a wani ɓangare, Abdul'aziz: wanda ke riƙe da hannun jari yana da tasiri, ba lafiyar bankin kaɗai ba.

Maryam, in za ki auna wannan a aikinki, ki kula da agogo. Tokyo na rufewa kafin New York ta buɗe. In kika haɗa Litinin da Litinin za ki ga kamar ba su da alaƙa, alhali abin da ya faru a New York ranar Litinin sai Talata zai bayyana a Tokyo. Ki yi amfani da alƙaluman mako, ko ki haɗa kwana biyu-biyu.

Maryam Bello:
Na gode Dakta, wallahi wannan ne ya sa lissafina ke fitowa a karkace.

Tanko Yusuf:
Kar ku manta da 2020. Ba banki ne ya jawo ba, cuta ce, amma bankuna suka fi yawancin sana'o'i zubewa a ko'ina, don kowa na tunanin wa zai biya bashi in an kulle gari. A ƙarshen Maris hukumomin Turai da na Birtaniya suka nemi bankuna su dakatar da rabon riba. HSBC ya bi umarnin Landan, sai ga ƙananan masu hannun jari a Hong Kong, da yawansu tsofaffi masu dogaro da wannan rabon, sun tashi ba komai. Hukuncin da aka yanke a wata nahiya ya shiga aljihunsu.

Sagir Ɗanladi:
Na fahimta yanzu. Ni ban sayar ba a 2023, ba don wayo ba, don ban buƙaci kuɗin a lokacin ba, kuma yawancinsu sun dawo har sun wuce. Amma da a makon ne wata larura ta taso mini, da na sayar a ƙasa. Hajiya, in na rage bankuna na sa wani ɓangare a wasu sana'o'in, hakan zai kare ni?

Rabi Abdulƙadir:
Zai rage, ba zai kare gaba ɗaya ba. A Oktoban 2008 kusan komai ya faɗi, sai dai ba daidai ba, masu sayar da magani da kayan masarufi ba su zube kamar bankuna ba. A Maris 2023 kuwa ciwon ya fi tsayawa a bankuna, manyan kamfanonin fasaha ma hawa suka yi a watan. Abin da zan ce ka yi shi ne ka lissafa bankunanka na ƙasashe ukun nan a matsayin abu ɗaya, sannan ka tambayi kanka ko ka yarda kashi nawa na dukiyarka ya zauna a abu ɗaya. Kuɗin da za ka iya buƙata cikin shekara ɗaya ko biyu kuma kada su kwana a hannun jari ko na wace sana'a.

Isiyaku Maikano:
Ni har yanzu ina nan a kan cewa banki mai ƙarfi ya fi rarrabawa. Ku duba wanda ya sayi bankin First Republic na Amurka da ya durƙushe a watan Mayun 2023, shi ne dai wanda ya sayi Bear Stearns da Washington Mutual a 2008. JPMorgan kowane rikici ƙara girma yake yi.

Nura Sulaiman:
Alhaji, a farkon 2007 da an tambayi mutane wane ne mai ƙarfi, da yawa Citigroup za su ce maka, ko Royal Bank of Scotland da ya jagoranci sayen bankin ABN Amro na Holan a shekarar. A Maris 2009 hannun jarin Citigroup ya sauka ƙasa da dala ɗaya. Ta yaya za ka gane mai ƙarfin tun kafin rikicin?

Isiyaku Maikano:
Ta inda yake samun kuɗinsa, Dakta. Hajiya ta riga ta faɗa. Wanda ke rayuwa da rancen kwana ɗaya daban, wanda ke da miliyoyin ƙananan masu ajiya da inshora ta rufe daban. Bari in nemo rahoton shekara na bankuna biyu in sa a nan gobe in Allah Ya kai mu, mu duba shafin ajiyarsu tare.